Daga Sansanin Amurka Zuwa Dandalin Tasawa

A shekarar 2003 Todd Graff ya fitar da fim mai suna Camp, labarin samari da 'yan mata da ke yin dogon hutun makaranta a wani sansani suna koyon waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. An ɗauke shi ne a Stagedoor Manor, sansanin gaske da ke jihar New York ta Amurka, inda su Natalie Portman suka taɓa zama ɗalibai, kuma a nan Anna Kendrick ta fara fitowa a fim. Bayansa Disney ta yi Camp Rock a 2008, sannan aka yi Theater Camp a 2023.

Abin da ke jan hankali a waɗannan finafinai shi ne wahalar koyo. Za ka ga yarinya ta maimaita baiti guda har muryarta ta dushe, malami na tsaye yana cewa a sake. Yaron da ake yi wa dariya a aji kuwa, da ya hau dandamali sai ya gane shi ma yana da abin bayarwa.

Duk wanda ya girma a Tasawa ko Mayahi a zamanin Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ba zai ga wannan baƙon abu ba. A lokacin an farfaɗo da samariya, wato ƙungiyoyin matasa, kowace unguwa da sarkin samarinta. Da dare, bayan sallar isha'i, ake haɗuwa ana gwajin rawa da waƙa, makaɗi na gyara wa 'yan amshi, domin gasar da ke tashi daga ƙauye har ta kai bikin matasa na ƙasa. Wasannin Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram, da ake gani a talabijin, sun nuna wa yara cewa da Hausarsu ma ana iya gina wasa mai ma'ana.

Yau yaran namu a waya suke koyon rawar finafinan Kano, babu mai gyara musu, babu mai tsawata musu. Iyaye na ƙorafi kan tarbiyya, kuma suna da gaskiya. Amma hani kaɗai ba ya kashe sha'awar yaro. Ɓoyewa yake sa shi yi.

Sai dai ba za mu kwafi tsarin Amurka yadda yake ba. Dogon hutunmu da damina yake faɗowa, lokacin da kowane hannu ke gona wajen noman gero da wake. Lokacinmu shi ne kaka, sa'ad da amfani ya shiga rumbu aka buɗe fagen kokawa. Gidajen matasa na nan, tsoffin 'yan samariya da suka san aikin suna raye. Ya kamata magadan gari da sarakuna da malaman makaranta su haɗa su da yara tun kafin ilimin ya bi su kabari.