Tambayi Hanya Tun Kina Gida

 Zancenmu na wannan mako na kuɗi ne, watau abin da ya kamata mace ta bincika kafin ta je gaban mutanen nan masu ba da shawara a kan inda za a zuba jari.

Da kakar da ta wuce wata yayata daga wani ƙauye na ƙasar Kebbe ta sauka a gidanmu a Tambuwal, za ta wuce Sakkwato. Ta sayar da raguna biyu da ta yi kiwo, ta haɗa da kwasar adashinta, kuɗi suka kama naira dubu 400. Na kayan ɗakin 'yarta ne, aure kuwa sai baɗi. Wani yaro ya kai mata takarda mai sheƙi ta wani kamfani, aka ce in ta kawo kuɗin za a juya mata su, kafin biki sun ninka. Har an ba ta ranar zuwa.

Na ce, "Yaya, wane ciniki kamfanin nan ke yi har ya sami ribar da zai ba ki?"

Ta ce, "Oho! Amma ofishinsu bene ne, kuma matar maƙwabcinmu ta karɓi riba sau biyu."

Na ce, "Wa ya ba su iznin karɓar kuɗin jama'a?"

Ta ce, "Ke dai, 'yar nan, kin cika tambaya."

To, tambayar ita ce maganin abin. Kada wata ta zaci ina hana neman riba. Kuɗin da aka ƙulle a ƙasan adaka kullum raguwa suke yi, gama abin da naira dubu ke saye bara ba ta sayensa bana. Kiwo kuwa ga ciwo, ga ɓarayin dabbobi. Juya kuɗi abu ne mai kyau, kuma akwai kamfanonin kirki masu wannan aiki bisa doka. Abin da nike so mu gane shi ne, ranar da kika zauna gaban mai ba da shawara ba ranar fara tunani ba ce. Shi ya kwana da shirinsa, magana ita ce sana'arsa. In ke ba ki kwana da naki ba, duk abin da ya faɗa zai yi miki daɗi.

Mu fara da waiwayen abin da ya sami waɗansu, don in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A shekarar 1920 wani mutum a birnin Boston ta Amurka, sunansa Charles Ponzi, ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Ba wani ciniki yake yi ba. Kuɗin waɗanda suka zo yau yake ɗiba ya biya waɗanda suka zo jiya, su kuma su koma gida suna yabonsa, su jawo 'yan'uwansu. Da sababbin zuwa suka ragu, sai rumfa ta rufta. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan damfara.

Wannan dabara ce ta iso mu da suna iri-iri. Da yawanku kun tuna MMM, wadda wani mutumin Rasha, Sergei Mavrodi, ya ƙago. Ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, kuma a Disamban 2016 ta rufe asusun mutane. Hukumar inshorar ajiyar banki, watau NDIC, ta ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 sun yi hasarar kimanin naira biliyan 18. A Fabrairun 2019 hukumar kula da hannun jari, watau SEC, ta garƙame ofishin wani kamfani a Kano mai suna Dantata Success and Profitable Company, saboda yana karɓar jarin jama'a ba tare da izninta ba. A Afrilun 2025 kuma CBEX, wadda ta ce za ta ninka kuɗi a kwana 30, ta tafi da dukiyar mutane. A irin wannan sha'ani ba a rasa maƙwabciyar da ta karɓi riba sau biyu. Ribar farko tsaba ce da aka watsa wa kaza.

Saboda haka ga abin da za ki yi tun kina gida.

Na farko, ki san kuɗin nan na mene ne, da ranar da za ki bukace su. Kuɗin abinci, da na makarantar yara, da na asibiti, ba su shiga jari. Kowane ciniki akwai riba akwai faɗuwa, abin da za ki iya jure rashinsa na ɗan lokaci shi kaɗai ake juyawa. Ki rubuta a takarda: kuɗina kaza ne, ina son su wata kaza. Wadda za ta aurar da 'ya nan da wata goma ba ta ɗaure kuɗinta na shekara uku.

Na biyu, ki binciki izni. Nan ne mata da yawa ke ruɗewa. Za a nuna miki takarda mai hatimi a jikin bango, a ce ga rajistar gwamnati. Sau da yawa ta hukumar rajistar kamfanoni ce, watau CAC. Wannan kamar takardar haihuwa take, tana shaida cewa akwai kamfani mai wannan suna. Takardar haihuwa kuwa ba ta ba yaro ikon tuƙa mota, sai da lasin. Mai ba da shawara kan jari, da mai juya kuɗin jama'a, da dillalin hannun jari, duk lasinsu a hannun SEC yake. Babban ofishinta yana Abuja, tana da reshe a Kano, kuma ta jera sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta na intanet, da irin aikin da ta yarje wa kowanne. In kuwa sun ce su banki ne, to lasinsu na Babban Bankin Nijeriya ne, wanda ke da reshe a Sakkwato da Birnin Kebbi.

Ku 'yan makaranta, ga aikinku. Ku ɗauki waya ku duba wa iyayenku mata. Ku dubi sunan baƙi da baƙi, gama 'yan damfara sukan ari sunan kamfanin kirki su sāke harafi ɗaya. In sunan ba ya cikin jerin, magana ta ƙare, an huta da kuɗin mota. Dokar hannun jari da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu, ga mai kafa irin damfarar Ponzi. Amma ɗaurin ɓarawo ba ya mayar da kayan ɗaki.

Na uku, ki auna ribar da ma'auni. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da Sukuk na farko, na naira biliyan 100, don gina hanyoyi, ladan da ta biya kuwa bai kai kashi 17 cikin 100 ba a shekara guda cur. Yanzu ku ɗauki alƙalami. Naira dubu 100, in ana ƙara mata kashi 30 cikin 100 kowane wata, riba na hawa kan riba, a wata 12 ta haura naira miliyan 2 da dubu 300. Wane mai shinkafa ne a Kuchi, wane mai albasa, wane falke ne a kasuwar Tambuwal ko Jega ya taɓa samun haka? In da akwai cinikin da ke haifar da wannan, mai shi ba zai biyo ki ƙauye neman kuɗin ragonki ba.

Wadda ke gudun riba ta haram, ta tambayi malami tun kafin ta tafi. A fiƙihunmu, ƙiradi shi ne ki ba da jari wani ya juya, ku raba ribar da aka samu bisa rabon da kuka shirya, rabi da rabi ko sulusi. Ba a yanka adadin riba tun ba a yi ciniki ba. Wanda ya rantse miki cewa ba faɗuwa ko kaɗan, ko da ya sa wa kamfaninsa sunan Larabci, ki yi hattara. Akwai hanyoyin da hukuma ta sani, kamar Sukuk ɗin nan, da bankuna marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012.

Na huɗu, ki tambayi mutane, amma ki san wa za ki tambaya. Wanda za a ba la'ada in ya kawo ki ba shaida ba ne, ko da ɗan ɗakinku ne. Nemi wadda ta fitar da uwar kuɗinta duka lafiya, ba riba kaɗai ba. Ki shawarci maigida, ko wanki, ko wata malama mai sanin lissafi. Duk wanda ya ce ki ɓoye wa mutanen gidanku, ba alheri yake nufinki da shi ba.

Bayan wannan sai ki rubuta tambayoyinki, ki tafi da su, da ɗan rakiya mai karatu. Kuɗi kuwa ki bar su gida ko banki. Ki tambaye shi: Ina takardar SEC? A wane ciniki za a sa kuɗina? Nawa ne ladanka, kuma wa ke biyanka, ni ko masu hajar da kake talla? In na so kuɗina kafin wa'adi, kwana nawa zan jira, nawa za a yanke? In an faɗi, wa ke ɗaukar hasara? A asusun wa zan zuba? In ya ba ki lambar asusu mai sunan mutum, ba na kamfani ba, ɗauki mayafinki. Ki sani kuma, inshorar NDIC, wadda tun 2024 ta kai naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki, da miliyan 2 a ƙaramin banki, ta ajiyar banki ce kaɗai, ba ta shafi jari ba.

Mutumin kirki ba ya fushi da tambaya. Zai ba ki takardu ki je gida a karanta miki. Mai cewa "yau ne kaɗai, gobe an rufe", sauri yake yi kada ki yi tunani. In kuma kin gamsu kin koma, kome ya zama a rubuce, da sunanki na ainihi yadda yake a katin ɗan ƙasa, ki karɓi rasit ki adana. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba, kada ki ba kowa lambar sirrin katinki.

Yayata fa? A daren nan 'yata ta duba waya, ba mu ga sunan kamfanin a jerin SEC ba. Duk da haka ta ce sai ta ji da kunnenta. Da safe muka kai kuɗin banki, ta shiga mota da littafinta da ɗana. Da ta nemi izni, aka nuna mata takardar jikin bango. Da ta nemi asusu, aka rubuta mata sunan wani mutum. Ta ce da akawun, "Ɗana, Allah ya ba da sa'a, zan yi shawara." Kafin la'asar ta dawo. Ta sayi tumaki biyu masu ciki, sauran kuɗin suna banki suna jiran biki. Ba su ninka ba, amma suna nan.

Matambayi ba ya ɓata, 'yan'uwa. Allah ya tsare mana guminmu, ya sa albarka a abin da muka samu. Sai mako mai zuwa.