In ciwo ya kama baƙo a Lome

Da an gama girbin hatsi a gundumomin Tasawa da Mayahi, sai tashoshin mota su cika. Samarin Korgom da Urafan da Maijirgi, da na Kanambakashe da sauran garuruwan Gulbin Kaba, su ɗaure kaya su tafi biɗa. Wasu su shiga Najeriya, wasu su nausa kurmi. Ban da su kuma akwai ɗalibai da malaman lakkol da ƙananan ma'aikata, waɗanda ba neman kuɗi ke fitar da su ba, sai marmarin ganin teku. Su goya jaka guda, su hau kar, bayan kwanaki a hanya su sauka Lome, babban birnin Togo.

Abin kallo kam akwai shi. Ga babbar kasuwar Adawlato ta masu atamfa, wadda gobara ta ci a watan Janairu na 2013. Ga majami'ar da Jamusawa suka gina a farkon ƙarni na 20, ga dogon otel ɗin nan na 2 ga Fabrairu da aka buɗe a 1980, ga kasuwar bokaye ta Akodesewa. Ga kuma teku, da igiyar ruwa mai jan wanda bai iya ba. Mutumin da bai taɓa shiga abin da ya wuce tabkin damina ba, ya tsaya a kan rairayi ya yi kallonsa.

Amma ba teku ce ta fi kayar da baƙo ba. Sauro ne. A ƙasarmu masassara da damina take tafiya: ta taso a Yuli, ta yi tsanani a Satumba da Oktoba, sanyin hunturu ya kwantar da ita. Shi ya sa ɗan Mayahi yake ɗauka cewa ba a masassarar sauro da rani. A Lome lissafin nan ba ya ci. Damina biyu ake yi can a shekara, iska da laima take, ga kuma kwantaccen ruwa da ya ratsa tsakiyar birni. Sauro ba ya yankewa. Baƙo ya kwana a tasha ko a barandar masallaci ba gidan sauro, ya tashi garau, ya ci gaba da yawonsa. Sai bayan mako guda ko biyu jiki ya yi zafi, kai ya sara, gaɓoɓi su mutu. Ya ce gajiyar hanya ce, ko canjin ruwa. Kwana biyun da zai yi yana wannan faɗi su ne masu haɗari, domin irin ƙwayar da ta fi yawa a ƙasashen nan tana iya taɓa ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci. In mutum ya fara sambatu, ko yana aman duk abin da ya sha, ko fitsarinsa ya yi baƙi, to ba a jiran gari ya waye.

Awon jini ba wuya gare shi. Ɗigo ɗaya daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san ko masassarar sauro ce. In ita ce, maganin kwana uku ake sha, a kuma shanye shi duka ko da jiki ya yi sauƙi tun ranar farko. Nibakin da iyayenmu suka saba da ita ta daina cin wannan ƙwaya, an sauke ta daga aiki tun shekarun 2000. In kuwa awo ya nuna ba ita ba ce, anfirmiye zai duba wani wuri, domin zazzaɓin hanji, wato taifot, da irin wannan zafin jiki yake farawa.

Shi taifot ta baki yake shiga, shi da zawo da kwalara: ruwan da ba a tabbatar da shi ba, ƙanƙara, ɗanyen ganye, kifin da ya kwana. Tsofaffi suna tuna kwalarar da ta shigo ta Gine a 1970, ta bi gaɓar teku gari gari, kafin 1971 ta ƙare ta iso Nijar. Mai zawo ya haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta tafasasshen ruwa, ya riƙa kurɓa har ya isa likita.

Inda baƙo ya fi yin asara shi ne wurin mai tebur. Ba ya jin Ewe, Faransancinsa kaɗan ne, yana tsoron kuɗin asibiti, sai ya sayi ƙwaya uku a ƙullin leda. Abin ya kai a watan Janairu na 2020 ƙasashen Afirka bakwai, har da Nijar, suka taru a wannan birni na Lome don su ɗaura yaƙi da magungunan jabu. A ganina kuɗin da ake ƙi ba farmasi ba a tsira da su, gaba ake biyansu ninki biyu a gadon asibiti.

To wa zai kai baƙo likita? Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Kakanninmu fataken shanu da goro ba su sauka Lome haka kawai ba, kowa da mai gidansa a Zongo, shi ke ba shi masauki, shi ke tsaya masa. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya wallafa littafi a 1983 a kan waɗannan masu gida. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari, ta mayar da mutanensa arewa, wajen Agwe. Har yau can ne mai jin Hausa zai sami wanda ya san hanyar likitar unguwa, ya san ƙofar babban asibitin Silbanus Olimpiyo, ya iya yi masa tafinta. Mai yawon kallo da ya kama ɗaki shi kaɗai a bakin teku ba shi da wannan gata, sai fa in tun ranar saukarsa ya je ya gaida mutanen garinsu, ya bar musu lambar wayarsa.

Tun a gida ake neman karne na allurar shawara, mai launin rawaya, wanda ake tambaya a iyaka. Sai allurar ta kwana goma take aiki, kuma tun 2016 sau ɗaya ya isa mutum duk rayuwarsa. Karnen da aka saya ba a yi allurar ba, jandarma kaɗai yake ruɗa.

Akwai kuma wanda ciwon ke biyo shi gida. Ya komo Tasawa cikin Maris ko Afrilu, ana tsakiyar zafi, jikinsa ya ɗauki wuta, gida a ce rana ce ta buge shi. Ƴan uwa masu karatu, in kuka kai irin wannan mutum likita, kafin komai ku faɗa wa anfirmiye daga inda ya fito da ranar da ya baro can.