Rajistar da Aka Goge da Sauran Ajiya a Cikinta

Wayar da ke hannun ɗan kasuwa a Garwa ba ta jin abin da ɗalibin kwamfuta ya rubuta a Jami'ar Ngawundere, har sai tafinta, wato kwamfaila, ya mayar da rubutun zuwa ƙananan umarnin da injin ya sani. A cikin injin nan kuwa akwai 'yan ma'ajiyoyi ƙalilan masu matuƙar sauri, ana ce musu rajista, 16 a yawancin injunan Intel na yau, 31 a injunan ARM na wayoyin zamani, alhali lambobin da ake juyawa ba su ƙirguwa. Sha'anin ya zama kamar makarantar da almajirai suka fi alluna yawa, inda ba a wanke allo sai an haƙiƙance mai shi ya haddace abin da ke kai.

Saboda haka kwamfaila yakan bi aikin daga ƙarshe zuwa farko, yana tantance lambar da wani umarni zai nema nan gaba, wadda ake cewa tana raye, da wadda aka gama da ita. Fitinar takan kunno kai ne lokacin zaɓen umarni, domin akwai umarnin da ke taɓa rajistar da bai ambata ba. MUL na Intel, alal misali, idan ya ninka manyan lambobi yakan zuba rabin amsar a RAX, rabin a RDX. In marubucin kwamfaila ya yi sakacin bayyana haka, sai sashen kwamfaila mai rabon rajista ya bar ajiya mai rai a RDX, ninkin ya tattake ta, manhaja kuma ta ci gaba da aiki lafiya lau, illa dai lissafinta ƙarya ne.

Don gano irin wannan kuskure, mai gyara yakan yi ta rage manhajar har ta koma 'yan layuka, sa'an nan ya duba ta bayan kowane mataki na aikin kwamfaila. Gaggawa takan sa a ɗora wa mai rabon laifi, amma a ganina an zalunce shi, tun da labarin da aka ba shi ya yi aiki da shi. Maganin galibi layi guda ne a bayanin umarnin.

A 2011 John Regehr da abokan aikinsa a Jami'ar Utah ta Amurka suka bayyana kurakurai sama da 325 da manhajarsu Csmith ta tono a kwamfailoli, har da GCC da LLVM, amma ba su sami ko ɗaya ba a sashen kwamfailan CompCert da Xavier Leroy na Faransa ya tabbatar da ingancinsa da hujjar lissafi.