Me ya haɗa injin numfashi da ƙoda?

Idan aka kwantar da ɗan uwa a ɗakin kulawa ta musamman aka jona masa injin numfashi, mu 'yan jinya idonmu kan injin yake. Su kuwa nas-nas, kowace awa sai sun duƙa sun duba ledar fitsarin da ke rataye a gefen gado, su rubuta. Mutum sai ya ce ciwon huhu ya kawo mu, me ya kai su ga fitsari?

Numfashin da Allah Ya yi mana, jawo iska muke yi. Injin kuwa turo ta yake yi. Wannan turin yana ƙara matsi a cikin ƙirji, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, wanda take harbawa ma ya ragu. Ita ƙoda, duk ƙanƙantarta, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa wurinta yake zuwa. Da rabonta ya ragu, sai jiki ya ɗauka ƙarancin ruwa ne, ya saki sinadaran da ke riƙe gishiri da ruwa, fitsari ya ja baya. Ga kuma ita kanta cutar da ta kwantar da mutum tana nata aikin.

Ma'aunin likitoci rabin mililita ne a kan kowane kilo a awa ɗaya. Mai kilo 60 ana so ya yi aƙalla mililita 30, wato babban cokali biyu. In aka shafe awa 6 bai kai haka ba, sai a fara zargin ƙoda.

A nan ne za ka ji mun ce, "To a ƙara masa ruwa mana!" Ba haka abin yake ba, 'yan uwa. In ruwa ya yi kaɗan ƙoda ta wahala. In ya yi yawa sai ya taru a huhun da ake jinya, jiki ya kumbura, a daɗe kan injin. Shi ya sa ake lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita, kamar littafin shago.

Don Allah kada a ɗura masa ruwa ta baki a ɓoye, ko zamzam ne ko rubutu. Mai roba a maƙogwaro ba ya haɗiya daidai, huhu ruwan zai iya faɗawa. A nemi izinin nas a shafa masa a goshi.

Aikin da ke wuyanmu shi ne faɗa wa likita gaskiya: yana da hawan jini ko ciwon suga? Yana shan maganin ciwon jiki irin su diklofenak, da mu 'yan kasuwa muke haɗiya kamar gyaɗa? Ya sha jiƙo? Duk waɗannan suna iya taɓa ƙoda. In Faransanci ko Turancin asibiti ya gagare ka, nemo yaro mai jin yaren ya tsaya tsakani. In kuma aka ambaci wankin ƙoda, a tambaya ko na ɗan lokaci ne, domin da yawa ƙodarsu tana farfaɗowa bayan an cire injin.