Iskar Radon da Falalen Dutsen Kicin

Duk wanda ya taso daga Kafin Hausa ya nufi Dutse ya san yadda rairayi ke ƙarewa, sai ga manyan duwatsu tsaye a gabansa. Mafi yawansu irin dutsen nan ne da masana ke kira giranit, wato irin wanda ake yankawa a goge, a shimfiɗa a kicin na gidajen zamani. A shekarar 2008 jaridar New York Times ta Amurka ta tayar wa masu irin waɗannan gidaje hankali da labarin cewa falalen kan fitar da wata iska mai cutarwa. Ɗalibaina sun sha tambayata gaskiyar wannan magana.

Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Giranit na ɗauke da ɗan burbushin sinadarin yuraniyam. Shi kuwa yuraniyam a hankali yake narkewa, yana rikiɗa daga wannan sinadari zuwa wancan har ya zama radiyam, radiyam kuma ya haifi radon. Bambancin radon da iyayensa shi ne iska ce, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma iya sulalowa daga dutse. Cikin kwana 3.8 rabinta kan rushe, ta bar wasu ƙananan ƙwayoyi da ke manne wa ƙura. Idan mutum ya shaƙe su, sai su zauna a huhu suna harba abin da ake kira ƙwayar alfa. Wannan ƙwaya ko takarda ba ta iya hudawa, balle fatar hannu. Amma a cikin huhu babu fatar da za ta tare ta, don haka takan lalata ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a hanyoyin numfashi. Bayan shekaru, ɓarnar na iya zama sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa radon ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na wannan cuta, gwargwadon ƙasa.

To, laifin falalen kicin ne? A ganina an kama ƙaramin ɓarawo ne an bar babba. Abin da falale ɗaya ke fitarwa kaɗan ne ƙwarai, kuma iskar kicin na kwashe shi. Mafi yawan radon da ke taruwa a ɗaki daga ƙasar da aka gina shi a kai take fitowa, ta tsagar daɓe da gindin bango. Ruwan rijiyar burtsatse da aka haƙa cikin dutse ma kan ɗauko ta. Ashe mai ɗaki a gindin duwatsun Dutse ko Birnin Kudu ya fi mai falalen kicin dalilin yin tambaya, musamman da hunturu, lokacin da muke toshe kowace taga da tsumma mu kwana a ƙulle. (Kicin ɗin da ake girki da itace kuwa, hayaƙinsa ne abin tsoro tun kafin a zo kan radon.)

Ido ba ya gane yawan radon. Sai an ajiye na'urar awo a ɗaki na tsawon watanni. A shekarar 2009 Hukumar ta ba da shawarar kada ya wuce bekarel 100 a kowace mita mai murabba'in kwano, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, in hakan ya gagara kada ya haura 300. Kafin a samu awon, a liƙe tsagar daɓe da siminti, a bar taga ɗaya a buɗe ko da ana sanyi. Mai shan taba shi ya fi kowa bukatar wannan, domin haɗarin radon a kansa ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25.