Shirin Musamman: Bakin da Ya Sha Gashi

Shirinmu na yau na waɗanda suka gama jinyar ciwon dajin kai da wuya ne, wato kansar baki, da harshe, da maƙogwaro, da can bayan hanci. An yi aiki, an yi gashi, an sallame su, 'yan uwa sun yi ta zuwa barka. To amma ku leƙa su lokacin cin abinci.

Gashin nan da ake yi da na'ura a manyan asibitoci irin na Shika a Zariya, da Sakkwato, da Abuja, yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana 5 a kowane mako. Hasken na'urar yana kashe ciwon, amma a kan hanyarsa yakan lalata wuraren da ke samar da yawu, musamman manyan nan biyu na gaban kunnuwa. Mai lafiya yana samar da yawu rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi kullum. Wanda ya sha gashi kuwa, nasa sai ya ragu ya yi kauri, a wasu ma ba ya dawowa yadda yake.

Sai ka ga magidanci ya kai lomar tuwo baki, yana ta juya ta, ta ƙi wucewa sai da kurɓin ruwa. Tsire da kilishi sun zama sai kallo, yaji kuwa zugi. Cikin dare ya farka harshe ya manne da ganɗa, balle da hunturu. A hankali ya daina cin abinci cikin mutane, ya rage magana, ya rame, a gida kuma ana ce masa, "Haba Baba, ai ka warke, ka daure ka ci." Ba ƙin ci yake yi ba. Ku sassauta masa tuwon, ku yawaita miyar kuɓewa ko ta kuka mai yauƙi, ku rage barkono, ga kunu da fura.

Yawu shi ke wanke haƙora. Da zarar ya ƙafe, cikin 'yan watanni haƙora sukan fara ruɓewa daga gindi, kusa da dasashi, har su kakkarye. Maganin abin shi ne goge baki safe da dare da buroshi mai laushi da man da ke da sinadarin fuloraid, likita ma yakan rubuta mai ƙarfi na musamman. A guji jiƙa baki da alawa ko lemon kwalba. Ruwa ya fi, sai cingam marar sukari. Taba da giya kuwa, a rabu da su kwata-kwata.

Ga inda nake so ku kasa kunne sosai. Ƙashin muƙamuƙin da ya sha gashi jini ba ya isarsa kamar da. In aka cire haƙori a wurin, ko bayan shekaru ne, ramin yana iya ƙin warkewa, ƙashin ya mutu ya fito fili, wani lokaci har sai an yanke shi. Shi ya sa ya kamata likitan haƙori ya duba baki tun kafin a fara gashi, ya cire haƙoran da suka lalace da kamar mako 2 tsakani. A ganina sakaci ne babba a tura mutum gashi ba a yi masa wannan ba, kuma haƙƙin majinyaci ne ya tambaya.

Muƙamuƙi ma yakan ƙage. Gwada jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. In sun daina shiga, a sanar da likita, a riƙa motsa muƙamuƙin kullum.

Mai sauraro, in akwai wanda ya sha gashi a gidanku, kada a kai shi wajen mai cire haƙori na kasuwa. A kai shi asibiti da katinsa, kuma kafin a taɓa bakinsa a ce wa likita, "An yi masa gashi a wuya."