Shanyewar Ɓarin Jiki: Ƙwaya Ɗaya Ko Biyu?

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyoyinmu na Anka, Gummi da Bukkuyum an sha yi mana tambaya a kan maganin shanyewar ɓarin jiki. Akwai irin da ya kan zo idan wata 'yar jijiyar jini can cikin ƙwaƙwalwa ta toshe. Siririya ce kamar zare. Sai hannu da ƙafa na gefe ɗaya su yi nauyi, ko baki ya karkace, alhali mutum yana cikin hankalinsa. Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen lalata waɗannan jijiyoyi.

Likita ya kan ba da asfirin domin kada jini ya sāke daskarewa. Akwai kuma wani magani mai suna clopidogrel. Mutanenmu su kan ce biyu ta fi ɗaya, amma likitoci sun gwada. A 2012 aka fito da sakamakon wani bincike da aka yi a kan masu irin wannan ciwo su 3,020 a ƙasashen Amurka da Sifen. Rabi sun sha asfirin kaɗai, rabi sun haɗa da clopidogrel, har fiye da shekara 3. Haɗin bai rage dawowar ciwon yadda za a ce an ci riba ba. Zubar jini mai tsanani kuwa ta kusa ninkawa, mutuwa ma ta ƙaru. Haɗa su yana da amfani ne a farkon ciwo, kamar kwana 21, bisa umarnin likita.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙwayoyin ciwon jiki da mu kan saya a kemis bayan noma, irin su ibuprofen da diclofenac. Mai shan asfirin ya guje su, gama suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

Kada a ba wanda ciwon ya buge yanzu asfirin a gida. Wani jijiyarsa fashewa ta yi, sai hoton ƙwaƙwalwa a babban asibiti kamar na Sakkwato ke bambancewa. A kai shi asibiti nan da nan.

A ganinmu ƙwayar hawan jini ta fi kowace muhimmanci. Binciken da aka yi a Nijeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa wajen kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki yana da nasaba da hawan jini. Kowace ƙungiya za ta iya tara kuɗi ta sayi abin awon jini, a riƙa aunawa ran Lahadi bayan sujada.